Anni Albers ta je neman zane aka tura ta ɗakin saƙa: me ta yi a can?

"Malam, ina aji biyu a sashen zane da ƙira. Da aka zo rabon fanni sai aka ce mu mata mu karkata ga saƙa da rini, wai zanen fenti da sassaƙa sun fi dacewa da maza. Wata malamarmu ta ce kada in damu, ai haka aka yi wa Anni Albers a makarantar Bauhaus ta Jamus, kuma ga shi ta zama babbar mai fasaha. Da gaske tilasta mata aka yi? In haka ne, me ta yi a shekarunta na farko har saƙa ta shiga sahun sabuwar fasahar Turai? Kuma akwai abin da zan gwada da hannuna don in gane aikinta?"

Ƙanwata, tambayarki uku ce a ƙunshe: ko tura ta aka yi, me ta yi da aka tura ta, da kuma yadda za ki taɓa abin da hannunki. Ta farko amsarta gajeriya ce. E, tura ta aka yi, kuma ita da bakinta ta sha faɗin cewa ba da son ranta ta shiga ɗakin saƙa ba. Sai dai maganar malamarku tana da gefe guda da ban yarda da shi ba. Rufe wa mace ƙofa bai taɓa zama abin da ya mai da ita gwana ba. Mata da yawa aka tura ɗakin nan tare da ita, kuma mafi yawansu yau ba mai tuna sunansu. Abin da ya fitar da Anni daban shi ne wani hukunci da ta yanke game da masaƙa kanta, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Daga Berlin zuwa Weimar

An haife ta a Berlin ranar 12 ga Yuni 1899, sunanta na yanka Annelise Fleischmann. Gidansu gidan wadata ne: mahaifinta yana da masana'antar kayan ɗaki, mahaifiyarta kuma 'yar gidan Ullstein ce, manyan masu buga jaridu da littattafai a Jamus. Asalinsu Yahudawa ne, ko da yake an yi mata baftisma a cocin Furotesta. Ki riƙe wannan, zai dawo a 1933.

Zanen fenti ta fara so. Daga 1916 zuwa 1919 ta yi karatu wajen wani mai zane a Berlin, Martin Brandenburg. Ta ɗauki hoton mahaifiyarta da ta zana ta kai wa shahararren mai zane Oskar Kokoschka da fatan ya karɓe ta almajira, ya duba ya tambaye ta dalilin da ya sa take zane ma, ya sallame ta. A 1920 ta shiga makarantar sana'o'in hannu ta Hamburg, wata biyu kawai ta yi ta bari. Lokacin ma manyan makarantun zane na gwamnati ba su daɗe da fara karɓar mata ba. Ta Berlin sai a 1919 ta buɗe musu ƙofa. Mace mai son zane kafin nan ko dai ta biya malami mai zaman kansa, ko ta shiga makarantar mata zalla.

Shi ya sa Bauhaus ta ja hankalin mata sosai. Walter Gropius ya kafa ta a Weimar a 1919, ya yi shela cewa za a karɓi kowa ba tare da duba jinsi ko shekaru ba. Zangon farko mata 84 suka shiga, maza 79. Wannan adadi ya tayar wa malaman hankali, don suna tsoron a ɗauki makarantar a matsayin wajen koyon aikin hannu na mata. A 1920 Gropius ya nemi majalisar malamai ta tsananta tantancewa, musamman ga mata, aka kuma buɗe ajin mata wanda daga baya ya narke cikin sashen saƙa. A takarda mace tana da zaɓi uku, saƙa, ɗinkin littafi, da ginin tukwane. A aikace kuwa masu sashen tukwane a Dornburg ba sa marhabin da mata, sashen ɗinkin littafi kuma an rufe shi a 1922. Sai saƙa ta rage.

A wannan shekarar ta 1922 Anni ta iso. Neman farko ba a ɗauke ta ba. Wani ɗalibi da ya girme ta da shekara 11, Josef Albers, ya taimaka mata ta shirya, aka ɗauke ta a karo na biyu. Ta yi darasin share fage a hannun Georg Muche da Johannes Itten, sannan ta nemi sashen gilashi mai launi inda Josef yake aiki, aka ce mutum ɗaya ya isa wurin. Sashen ƙarfe da na katako da na zanen bango kuma aka ce sun fi ƙarfinta. A nan akwai wani abu da masu ba da labarin kan tsallake: tana da ciwon jijiya na gado, wanda likitoci ke kira Charcot-Marie-Tooth, mai raunana ƙafafu. To, ga dokar makaranta, ga lalurar jiki. A 1923 ta shiga ɗakin saƙa tana ganin aikin ragwaye ne.

Wasu matan sun keta shingen. Marianne Brandt ta kutsa sashen ƙarfe a 1924 har ta shugabance shi a 1928. Gertrud Arndt kuwa ginin gidaje ta zo koya, ta tarar babu sashen ma tukuna, sai a 1927 aka buɗe shi, ita ma ta ƙare a kan masaƙa. Kuma don ki ga cewa rabon nan al'ada ce kawai ba halitta ba, duba gida: a ƙasar Hausa saƙar ƙoshiya ta sawaye aikin maza ne, marina ma maza ne, ɗinkin babbar riga haka. Abin da Jamusawa suka ce na mata ne, a Kano gadon maza ne.

Ɗakin da babu mai koyarwa

Tsarin Bauhaus shi ne kowane sashe yana da shugaba biyu, malamin tsari wanda mai zane ne, da malamin sana'a. A sashen saƙa malamin tsari shi ne Muche, mai zanen fenti wanda bai ɗauki saƙa aikinsa ba. Malamar sana'a ita ce Helene Börner, kuma masaƙun da ake aiki da su nata ne tun zamanin tsohuwar makarantar da ta gabaci Bauhaus a garin. Babu tsararren darasi kan ginin yadi. Ga hauhawar farashin 1923 da ta sa zare mai kyau ya yi wuyar samu. Ɗaliban sai suka koma koyar da junansu. Gunta Stölzl da Benita Otte suka tafi Krefeld, garin masaƙun siliki, suka koyo rini a 1922, suka sake komawa a 1924 don dabarun saƙa, suka dawo suka koya wa sauran.

Ayyukan da suka fito daga ɗakin a shekarun farko masu launi ne barkatai, zare iri-iri a cakuɗe, kowa yana ƙoƙarin ya yi da zare abin da masu zanen fenti na makarantar, Klee ko Kandinsky, ke yi da burushi. Wasu suna da kyau a ido, amma yawancinsu ba sa jure wanki ko ja, domin an haɗa ulu da auduga da siliki ba tare da lissafin yadda kowanne ke tsukewa ba.

Hukuncin da ta yanke

Tsohuwar hanyar saƙar bango a Turai ita ce mai zane ya zana hoto a takarda, masaƙi ya sa takardar a bayan zarensa ya kwaikwaya da zaren kwance, guntu-guntu, har zaren tsaye ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashi. A wannan tsari masaƙi ɗan aike ne, mai zane ke da suna. Anni ta ƙi wannan hanya. Ta ce tunda masaƙa abu biyu kawai ta sani, zare a tsaye da zare a kwance suna haɗuwa a kusurwa madaidaiciya, to daga nan siffar aikin za ta fito. Ba fure, ba mutum, ba lanƙwasa. Layi, murabba'i, da dogon murabba'i, kuma zaren tsaye ya fito fili ya yi aiki daidai da na kwance.

Wannan ne ya sa ta cikin 'yan sahun gaba. A shekarun nan mai zane Mondrian da 'yan ƙungiyar De Stijl a Holan, da masu sabon salo a Rasha, duk suna fafutukar raba zane da kwaikwayon abin da ido ke gani, suna zana layuka a tsaye da a kwance a kan kyalle. Su sai sun ɗora layin a kan kyallen da fenti. Ita layin nata shi ne kyallen. In kin zare baƙin layi daga aikinta, yadin ne zai warware.

Ginin yadi iri uku ne tushensa. Akwai saƙa mai sauƙi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wadda allera biyu ta ishe ta, wato abin da ke ɗaga zaren tsaye don ƙoshiya ta wuce. Akwai mai layin karkace irin ta wandon jins, tana buƙatar aƙalla allera uku, an fi yi da huɗu. Akwai mai santsi irin ta satin, aƙalla biyar. Anni ta fi dogara da ta farkon, mafi sauƙi, amma ta riɓanya ta hawa-hawa. A saƙa mai hawa biyu ana ɗora wadari biyu, wato jerin zaren tsaye biyu, a masaƙa ɗaya, misali baƙi da fari, a saƙa yadi biyu lokaci guda, ɗaya a kan ɗaya. Duk inda ake son launi ya canza sai hawan ƙasa ya hau sama, na sama ya nutse. A layin da suka yi musaya ne kawai suke haɗe. Tsakanin layukan kuwa aljihu ne, in kin tsunkuli yadin da yatsa biyu za ki ji hawa biyun sun rabu. Amfanin wannan shi ne baƙi ya fito baƙi ƙirin, fari ya fito fari fat, bakin kowane murabba'i kuma ya yanke tsaf kamar an sa reza.

A 1926 ta kai abin hawa uku. Akwai wani na siliki daga wannan shekara a gidan tarihin Busch-Reisinger na Jami'ar Harvard. Lissafin launinsa abin sha'awa ne. Ki ɗauki launi uku, baƙi, fari, rawaya, a tsaye da a kwance. Baƙi ya haɗu da baƙi, fari da fari, rawaya da rawaya: launi uku tsantsa. Baƙi ya ratsa fari ya ba da toka-toka, baƙi da rawaya su ba da wani duhu mai ɗan kore, fari da rawaya su ba da rawaya mai haske. Launi shida daga zare uku, ba tare da an ƙara rini ko ɗaya ba. Ido ne ke yin haɗin daga nesa. In kin matso kusa sai ki ga ɗigo-ɗigon launi biyun kowanne yana zaman kansa. Sanannen aikinta mai suna Baƙi Fari Rawaya, shi ma na 1926, tsawonsa kimanin mita 2 ne, faɗinsa mita 1.2, kuma in kin tsaya gabansa za ki yi ta neman inda tsarin ya maimaita kansa, sai ki ga kamar ya maimaita amma ya ɗan goce. Da gangan ne. Takan zana tsarin tukuna da fentin ruwa mai kauri a takarda, ta raba faɗin gida-gida daidai, sannan ta juya jerin ko ta kifa shi.

Wannan juyi da kifawa daga Paul Klee ta samo. Daga 1927 Klee yana ba masaƙan darasi na musamman kan yadda ake raba fili, a riɓanya sashe, a juya shi, a yi masa madubi. Ita dai ta ce kallon ayyukansa ya fi amfanar ta a kan sauraron laccarsa. Ɗaya tushen kuma tsofaffin yadukan Peru ne da ke gidan tarihin al'adu na Berlin. Masaƙan tsaunukan Andes na Peru sun yi saƙa mai hawa biyu da uku ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su isa can, a kan masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu. Har ƙarshen rayuwarta su take kira malamanta.

Ana cikin haka abubuwa suka sauya. A 1924 'yan siyasar jihar Thuringia, inda Weimar take, suka yanke wa makarantar kuɗi, a 1925 ta koma Dessau. A watan Mayun shekarar Anni da Josef suka yi aure, shi kuma aka ɗaga shi ya zama malami. A Dessau aka samu sababbin masaƙu, har da ta Jacquard mai aiki da katuka masu huji, da marina ta kansu. Ɗalibai suka yi wa Muche bore, suka dage sai an ba Gunta Stölzl sashen, kuma a 1927 ta zama mace tilo a cikin malaman makarantar. Akalar aiki ma ta juya daga abin rataya a bango guda ɗaya zuwa samfurin yadin da masana'anta za ta iya bugawa mita-mita.

Yadin zauren Bernau

Aikin da ya ba ta difloma shi ne ya fi nuna inda tunaninta ya kai. Hannes Meyer, wanda ya gaji Gropius a 1928, yana gina makarantar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta Jamus a Bernau, kusa da Berlin. Babban zauren taron yana amsa-kuwwa, mai magana ya yi magana bango ya maido masa. Maganin da aka saba shi ne a lulluɓe bango da karan-miski, wanda ke shanye sauti. Amma karan-miski mai haske yana nuna sawun yatsu da datti, dole a sa mai duhu, mai duhu kuma ya mai da zauren kamar kogo.

Anni ta raba matsalar biyu ta ba kowace fuska ta yadin aiki guda. Wadarin auduga ne. A baya, wajen bango, ta sa shenil, zaren nan mai gashi-gashi mai laushi, domin sauti in ya shiga tsakanin gashin sai ya rasa ƙarfin dawowa. A gaba kuma ta sa siraran tsinkayen selofen, wata takarda mai sheƙi da ake yi daga ɓargon itace, wadda a lokacin sabon abu ce. Selofen yana maido haske, sai bangon ya yi walƙiya kamar azurfa, kuma ƙura ba ta kama shi, da burushi ake share shi. Ta ba da labarin cewa gwajin farko da wata 'yar hula ta yi shi, hular selofen da aka saƙa da ƙugiya wadda ta saya a Florence, ta warware ta ta sa a ƙoshiya. Kamfanin Zeiss Ikon ya gwada yadda yadin ke maido haske. A farkon 1930 aka ba ta difloma a kansa.

Duk wanda ya taɓa saƙa da irin waɗannan kaya ya san ba a nan gizo ke saƙar ba, wato tunanin ya fi aikin sauƙi. Tsinken selofen ba ya miƙewa ko kaɗan, in an buga shi da ƙarfi ya tsage, in ya murɗe a cikin ƙoshiya sheƙin ya lalace, don haka sai an kwantar da shi da hannu. Shenil kuma in ba a matse shi sosai ba, bayan ɗan lokaci sai ya riƙa fitowa lauje-lauje a fuskar yadi. Haɗa mai taurin kai da mai santsi a yadi ɗaya, kowanne ya tsaya a fuskarsa, shi ne gwanintar. Bayanin yawan sautin da yadin ke shanyewa aikin injiniyoyin sauti ne, ba na masaƙi ba. Abin da na tsaya a kai shi ne ginin yadin.

Daga nan lokaci ya ƙure. An kori Meyer a 1930, Mies van der Rohe ya hau. A 1931 wasu ɗalibai masu ra'ayin 'yan Nazi suka matsa wa Stölzl, wadda mijinta Bayahude ne, har ta ajiye aiki, Anni ta riƙe sashen na ɗan lokaci. An rufe makarantar a Dessau a 1932, ta koma wata tsohuwar masana'antar tarho a Berlin, 'yan sanda suka garƙame ta a Afrilun 1933. Ga mai asalin Yahudawa irin Anni, zama a Jamus ta 'yan Nazi ya zama haɗari. Philip Johnson na gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya ga yadukanta a Berlin, cikinsu har da na Bernau, ya haɗa ta ita da Josef da sabuwar kwalejin Black Mountain a jihar North Carolina. A Nuwamban 1933 suka sauka Amurka. Abokiyar aikinta Otti Berger, wadda ita ma gwana ce ta gaske, ba ta samu izinin shiga Amurka ba. An kashe ta a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz a 1944. Sai a 1949 MoMA ta shirya wa Anni baje koli ita kaɗai, na farko da gidan ya yi wa mai aikin yadi.

Ki yi hattara da abu biyu in kina rubutu a kanta. Yawancin labaran shekarun Weimar daga hirarrakin da ta yi ne bayan ta manyanta, kuma kowa in ya tsufa yakan gyara wa ƙuruciyarsa zama. Sannan da yawa daga saƙunanta na farko sun ɓace. Baƙi Fari Rawaya da ake gani a gidajen tarihi yau sake saƙa shi aka yi a 1965 a ɗakin aikin Gunta Stölzl daga zanen Anni na takarda. Tsarin nata ne, bugun hannun ba nata ba ne, don haka kada ki kafa hujja da kaurin zare ko matsewar bugunsa.

Abin da za ki gwada

Fara da na launi shida, domin masaƙa mai allera biyu ta ishe shi, ko da katako ne mai kusurwa huɗu da aka jera wa ƙusoshi. Ki samo zaren auduga baƙi da fari da rawaya, amma lallai kaurinsu ɗaya, in son samu ne daga kamfani ɗaya. Ki yi wadari mai faɗin santimita 12, kowane launi santimita 4. Ki saƙa da zaren kwance a jeri ɗaya, kowane launi santimita 4. Za ki samu gida tara, uku tsantsa a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, shida gauraye. Sharaɗin shi ne yawan zaren kwance a santimita guda ya yi daidai da na tsaye. Abin da na fi gani wajen masu koyo shi ne bugu da ƙarfi: zaren kwance ya danne na tsaye ya rufe shi, sai a tashi da ratsi uku kawai, gaurayen ya ɓace. Ki buga a hankali har ki riƙa ganin 'yan ramuka masu kusurwa huɗu tsakanin zaruruwan.

Don sanin yawan zaren da ya dace, ki naɗa shi a jikin rula, kowane zagaye yana taɓa ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba, ki ƙirga nawa suka cika santimita guda, ki raba biyu. In 16 suka cika, to zare 8 ne a santimita.

Mai hawa biyu yana buƙatar allera huɗu. Da wannan zaren, tunda yadi biyu ne a wuri ɗaya, zai zama 16 a santimita. Faɗin santimita 20 zai ci zare 320, baƙi 160, fari 160. Ki yi wadarin mita 2, wato mita 640 na zare gaba ɗaya. Kimanin santimita 60 zai tafi a ɗauri da ragowar da masaƙa ba ta iya ci, kashi 10 cikin 100 kuma ya shige a lanƙwasar zare, ki tashi da abin da ya kai mita 1.2. Ki tanadi wajen mita 450 na zaren kwance, rabi baƙi rabi fari, da ƙoshiya biyu. Wajen zura zare, baƙi a allera ta 1, fari a ta 2, baƙi a ta 3, fari a ta 4, haka har ƙarshe. In matsefinki, wato abin buga zare mai haƙora, yana da haƙori 4 a santimita, zare huɗu ke shiga kowane gurbi.

Don baƙi ya kasance a sama, jifa huɗu ne ke zagayawa. Ki ɗaga 1, ki jefa baƙi. Ki ɗaga 1 da 3 da 2, ki jefa fari. Ki ɗaga 3, ki jefa baƙi. Ki ɗaga 1 da 3 da 4, ki jefa fari. Dalilin ɗaga 1 da 3 tare shi ne a kawar da hawan sama gaba ɗaya daga hanya, ƙoshiya ta wuce a ƙarƙashinsa ta saƙa na ƙasa. In kina son fari ya hau, sai ki juya: 2 da fari, sannan 2 da 4 da 1 da baƙi, sannan 4 da fari, sannan 2 da 4 da 3 da baƙi. Da allera huɗu musayar tana faruwa ne daga gefe zuwa gefe, ratsi kawai za ki samu. Murabba'ai irin na Anni suna buƙatar allera takwas ga rukuni biyu, mai hawa uku kuma goma sha biyu. In babu, ki sa siririyar sanda mai faɗi ki tsinci zaren da kike so ya hau da hannu a kowane jifa. Yana cin lokaci, amma haka masaƙan Peru suka yi.

Kurakuran sanannu ne. Hawan ƙasa ba kya ganinsa, sai an sauke aiki ki tarar ƙoshiya ta tsallake zare biyar ta bar dogon zare yana lilo. Ki ajiye ƙaramin madubi a ƙarƙashi ki riƙa leƙawa bayan kowane santimita biyu ko uku. Zare 16 a santimita cunkoso ne, sukan manne wa juna bakin saƙar ya ƙi buɗewa sosai, don haka ki zaɓi zare mai santsi da murɗi mai kyau, mai gashi kuwa ki ratsa shi da ruwan sitaci ya bushe kafin wadari. Gefe yana tsukewa in kin ja zaren kwance ya miƙe. Ki bar shi a karkace cikin bakin saƙar kafin ki buga, don ya samu rarar da zai lanƙwasa da ita. In ƙoshiyoyin biyu suka sarƙe a gefe, hawa biyun za su ɗinke a nan, in kuma kina son su a buɗe sai kullum ki ajiye ƙoshiyar hawan sama a gaba, ta ƙasa a baya. Murabba'in da kika auna yana ɗaure a masaƙa zai gajarce in an sauke, saboda haka ki sassauta wadarin kafin awo, ko ki ƙara kamar rabin santimita a kowane biyar. Baƙin zare kuma ki wanke shi tun yana curi har ruwan ya fita garau, in ba haka ba wankin farko zai mai da farin ya koma toka.

Kada ki haɗa siliki da auduga a gwajin farko ko da kin ga ta yi. Ba sa tsukewa daidai a ruwa, hawa ɗaya zai ja ɗaya ya yi ƙundumi. In lokacin haɗawar ya zo, ki saƙa guntu na santimita 10 a kan 10, ki auna, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki sake aunawa, ki rubuta lambobin biyu a kati tare da sunan zaren da yawansa a santimita, ki maƙala guntun a jikin katin kafin ki ɗora babban wadari.